LAFIYA UWAR JIKI: Masu Keke da Ciwon Alkama

A ƙasar Birtaniya, wadda aka fi sani da Ingila, akwai wata doguwar hanya da masu keke suka sani ƙwarai. Tana farawa a bakin teku, can kudu maso yamma, a wani wuri da ake kira Land's End, wato Ƙarshen Ƙasa. Tana ƙarewa a wani ɗan ƙauye mai suna John o' Groats, can ƙuryar arewa, a yankin Sikotland. Tsawonta kilometir 1400 ne da ƴan kai. Ga wanda ya san hanyoyin Nijar, kamar mutum ya hau keke a Yamai ne, ya wuce Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram, bai aje keken ba sai a Diffa.

Kowace shekara mutane da yawa suna bin wannan hanya. Galibi suna yin kwana 10 zuwa 14. Akwai gwanaye da ba su san barci ba: a shekarar 1918 babu wanda zai yarda, amma a 2018 wani mai suna Michael Broadwith ya gama ta cikin awa 43 da minti 25. A 2021 kuma wata mata, Christina Mackenzie, ta gama cikin awa 51. Waɗannan ƴan tsere ne. Labarin yau na sauran ne, malaman lakkol da ƴan kasuwa da tsofaffin ma'aikata, waɗanda suke hawan keken don tara kuɗin taimako.

Ga yadda abin yake. Mutum zai gaya wa dangi da abokai da maƙwabta cewa zai yi wannan tafiya saboda wata ƙungiya mai taimakon marasa lafiya. Kowa sai ya yi alkawarin abin da zai iya bayarwa. Wani ya ce zai ba da kaza ga kowane kilometir, wani ya ba da nasa a dunƙule. Ko ƙwandala ba ta shiga aljihun mai keken. Shi dai gumi ne nasa. Abin ya yi kama da gayya, inda ake taruwa a nome gonar wanda ciwo ya kwantar, sai dai a nan mutum ɗaya ne ke shan wahalar, jama'a na biya.

Cikin ƙungiyoyin da ake yi wa irin wannan tafiya akwai ta masu ciwon alkama. Sunanta Coeliac UK. An kafa ta a 1968. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta shi ne Peter Benenson, mutumin da ya kafa Amnesty International, kuma shi kansa yana da ciwon. Likitoci suna kiran ciwon da suna seliyak. Ya kamata a riƙe wannan suna, don shi ne lokotoro zai gane in an faɗa masa.

Guzurin mai keke

Mafi yawan masu tafiyar suna tasowa daga kudu su nufi arewa, don iskar ƙasar ta fi busowa daga kudu maso yamma, sai ta riƙa tura su ta baya. Kwanakin farko su ne masu ɗaci. Yankunan Cornwall da Devon tudu ne da gangare, tudu da gangare, babu inda ƙafa za ta huta. Ga ruwan sama da ba ya jiran damina. Mutum yana yin kilometir 100 ko fiye a yini, gobe ya tashi ya sake.

Mai irin wannan aiki dole ya ci abinci, ya kuma ci da yawa. Manomi ya san haka: ranar huɗa ba a wasa da fura. To, abincin hanya a Ingila kusan duk na alkama ne. Burodi, taliya, biskit, kek, har kifin da ake soyawa sai an tsoma shi cikin kwaɓin fulawa. Mai lafiya zai tsaya a kowane kanti ya cika cikinsa. Mai ciwon alkama ba shi da wannan dama. Shi sai ya ɗauki guzurinsa a jaka: curin shinkafa, dafaffen dankali, ayaba, ƙwai, gyaɗa. Duk gidan saukar baƙi da zai kwana, sai ya tambayi mai dafuwa me aka sa cikin miya, kuma da wace tukunya aka dafa. In an yi kuskure sau ɗaya, zawo da ciwon ciki da kasala za su iya kwantar da shi kwana biyu ko uku, tafiya ta lalace.

Wannan tambaye-tambaye shi ne rabin amfanin tafiyar. Duk mai dafuwar da aka tambaya ya ji sunan ciwon. Duk wanda ya karanta rubutun da ke bayan rigar mai keken ya ji sunan ciwon. Kuma jin sunan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙungiyar ta Ingila ta ce mutum 1 cikin 100 yana da ciwon, amma cikin masu shi, wajen kashi 36 cikin 100 kaɗai aka gano. Ta ce kuma, in aka yi lissafi tsaka-tsaki, babban mutum yakan yi shekara 13 yana fama kafin a gane abin da ke damunsa. A ƙasar da likitoci suka yi yawa ke nan.

Mene ne a cikin alkama?

Duk matar da ta taɓa murza taliya ta san kwaɓin alkama yana da danƙo. Ana jan sa ya miƙe, bai tsinke ba. Kwaɓin hatsi ko na dawa ba ya yin haka. In aka ɗauki curin kwaɓin alkama aka yi ta wanke shi cikin ruwa, farin garin zai fita, a bar wani abu mai yauƙi kamar roba a hannu. Wannan shi ne danƙon alkama, wanda likitoci ke kira gulutan. Shi ke sa burodi ya kumbura, shi ke sa fanke ya tashi. Akwai shi cikin alkama da sha'ir, da wata ƙwaya ta ƙasashen sanyi mai kama da su.

Ga yawancin mutane wannan danƙo abinci ne kawai, ba ya cutar da su. A ji wannan da kyau: alkama ba guba ba ce. Mutum 99 cikin 100 za su ci burodinsu lafiya lau. Amma ga wanda aka haifa da wannan hali a jininsa, jiki yana ɗaukar danƙon kamar abokin gaba. Masu gadin jiki, waɗanda aikinsu shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta, sai su tashi. Garin yaƙar danƙon sai su ɓata hanjin mai shi. Kamar kare ne da ya bi ɓera cikin rumbu, ya watsar da hatsin.

Makiyayi da mahauci sun san cikin tumbin rago. Ba sumul yake ba, yana da tsiro-tsiro kamar tawul. Cikin ƙaramin hanjin mutum ma akwai irin wannan tsiro, sai dai ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya rarrabe su. Su ne ke tsotse amfanin abinci su kai shi cikin jini. A hanjin mai ciwon alkama, tsiron nan yana lalacewa har wurin ya zama kamar daɓe. Ruwa ba ya zama kan daɓe. Haka abinci ke wucewa, jiki bai amfana ba. Mutum yana ci, yana ramewa.

Ciwon ba ya yaɗuwa. Ba a ɗaukarsa a ƙwarya ɗaya, ko a tabarma ɗaya. Amma yana bin jini. In mutum yana da shi, to cikin iyayensa da ƴaƴansa da waɗanda suke ciki ɗaya, wajen 1 cikin 10 yana iya samunsa.

Yunwa ce ta tona asirin

An daɗe da sanin ciwon kafin a san dalilinsa. A 1888 wani likitan birnin London, Samuel Gee, ya kwatanta yaran da ke fama da shi: ciki ya kumbura, ƙafafu sun sirance, bayan gida fari-fari mai wari. Ya ce in za a warkar da su, to da abinci ne. Ya yi gaskiya. Amma cikin abin da ya yarda a ba su har da gasasshen burodi. A 1924 wani likita a Amurka, Sidney Haas, ya riƙa ciyar da irin yaran nan ayaba mai yawa, ya hana su burodi da sauran kayan gari. Yara suka murmure. Aka yi ta yabon ayaba. Ashe ba ayabar ce ta yi aikin ba, rashin burodin ne. Iyaye da yawa sun ɗauka ƴaƴansu sun warke, suka koma ba su alkama.

Wanda ya kama bakin zaren shi ne Willem Dicke, likitan yara a birnin Hague na ƙasar Holand. Tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu yana zargin alkama. Sai a ƙarshen yaƙin, cikin hunturun 1944 zuwa 1945, yunwa ta faɗa wa yammacin Holand, don sojojin Jamus sun tare hanyoyin abinci. Mutane wajen dubu 20 suka mutu. Burodi ya yi wuya. Jama'a suka koma cin saiwar furanni da duk abin da suka samu. Tsofaffin da suka ga yunwar 1973 da ta 1984 a ƙasar nan ba sa bukatar a kwatanta musu.

Cikin wannan masifa Dicke ya lura da wani abin mamaki. Yaran asibitinsa masu wannan ciwo, maimakon su ƙara lalacewa, sai suka samu sauƙi. Da aka kawo taimakon garin alkama, burodi ya dawo, sai ciwon ya dawo musu. A 1950 ya rubuta sakamakon bincikensa a jami'ar Utrecht. Bayan ƴan shekaru, shi da abokan aikinsa da wasu likitocin Ingila suka tabbatar cewa danƙon ne mai laifin. Daga nan yaran da a da ake binnewa suka fara girma, suna aure, suna haihuwa.

Ba ciwon Turawa kaɗai ba ne

Mai karatu zai iya cewa: to, wannan ai ciwon Nasara ne, ina ruwan mutumin Tasawa ko na Madawa? An daɗe ana zaton haka, har likitoci ma. Abin da ya rushe wannan zato a cikin Sahara ya faru, a ƙasar Aljeriya, maƙwabciyar Nijar.

Kusa da garin Tinduf akwai sansanonin ƴan gudun hijira na Sahara ta Yamma. Tun 1975 da 1976 suka fara zama a can. Iyayensu da kakanninsu makiyaya ne. Abincinsu nonon raƙumi ne da nama da dabino da ɗan sha'ir. Da suka rasa dabbobinsu suka zauna sansani, sai abincin taimako ya zama abincinsu, kuma babban abin da ake rabawa garin alkama ne. Safe burodi, dare burodi. Wasu likitocin Italiya, ƙarƙashin Carlo Catassi, suka auna jinin yara 989 a can. A 1999 suka bayyana abin da suka gani: yara 56 cikin kowane 1000 suna da alamar ciwon. Ya ninka na Turai sau biyar. Ba a taɓa ganin adadi mai yawa haka a wata al'umma ba.

Ciwon yana kwance cikin jininsu tun da can. Canjin abinci ne ya tashe shi. An san ciwon kuma a sauran ƙasashen Larabawan arewa, da Sudan, da arewacin Indiya inda alkama ce tuwon kowa.

Wannan shi ne inda labarin ya shafi karkarar Nijar. Alkama ba baƙuwa ba ce a nan. Ana noma ta a garaken Abzin da fadamar Ƙonni, kuma tun kaka da kakanni ana yin alkaki da finkaso da taliya. Amma da can abincin salla ne da biki da saukar babban baƙo. Yau kuwa babu tashar mota da babu mai shayi da burodi. Makaroni ya shiga kasuwar ƙauye. Yaro yana kuka, a miƙa masa biskit ko fanke. Wanda kakansa bai ci alkama ba sai sau uku a shekara, shi yana ci kullum. In akwai mai wannan hali a cikin gida, yanzu ne zai bayyana.

Yaushe za a yi zargi?

A nan sai an yi hankali. Zawon yara a ƙauye, mafi yawansa daga ruwa marar tsabta yake, ko ƙazantar hannu da ƙuda, ko tsutsar ciki, ko bayan ƙyanda. Ramar yara kuma mafi yawanta tamowa ce, wato rashin isasshen abinci mai gina jiki. Maganin waɗannan an san shi: ruwan gishiri da sukari na cikin ƴar takarda, ƙwayar zinki, ci gaba da ba da nono, da kai yaro likita da wuri. Kada wani ya ji labarin alkama ya bar waɗannan.

Zargin ciwon alkama yana zuwa ne in abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A ɗauki misalin yaron da yake ƙato lokacin da yake shan nono da kunun hatsi. Aka yaye shi, ya fara cin burodi da taliya tare da manya. Bayan ƴan watanni sai zawo ya kama shi, ba ya tsayawa. Bayan gidansa mai yawa ne, fari-fari, mai maiƙo, mai wari fiye da kima. Ciki ya yi tulu, ɗuwawu ya motse, fata ta yi laushi. Ba ya wasa, sai ƙyuya da kuka. An ba shi maganin tsutsa, an ba shi na zawo, an kai shi awo wata bayan wata, nauyinsa bai ƙaru ba. Gidan kuma ba gidan yunwa ba ne, sauran yara lafiyarsu lau. Irin wannan yaro ne ya kamata a tambayi likita a kansa: ko alkama ce?

A wurin manya ciwon ya fi ɓoyewa. Wani ba ya zawo ko kaɗan, wani ma bayan gida ne ke yi masa wuya. Sai dai ƙarancin jini da ba ya jin ƙwayar ƙarin jini, gajiya kullum, kumburin ciki bayan cin abinci, gyambon baki mai tafiya yana dawowa. Wasu ƙuraje masu ƙaiƙayi ke fito musu a gwiwar hannu da ta ƙafa. In ya daɗe ba a gane ba, ƙashi yana yin rauni. Mace tana iya yin ɓari a kai a kai, ko ta daɗe ba ta samu ciki ba. Sau nawa ake ɗora irin wannan a kan kishiya, ko maye, ko iska? Asarar awaki da kaji wurin neman magani ba ta gyara hanji.

Ana gane ciwon da awon jini. In jinin ya nuna alama, likita yakan zura wani siririn bututu mai fitila ta baki har hanji, ya ɗebo ɗan ƙanƙanin yanki a duba. Wannan aikin babban asibiti ne, ba na ɗakin likitan ƙauye ba, amma daga ƙauyen ake ba da takardar zuwa can. Ga wani abu da mutane ke kuskurewa: kada a daina cin alkama kafin a yi awon. In an daina, jinin zai koma kamar na mai lafiya, awon ya yi ƙarya. Likitocin Ingila suna son mutum ya kasance yana cin alkama kullum har sati 6 kafin a ɗebi jininsa. Ƙasar Italiya kuwa ta yi doka a 2023 ta auna yara tun ciwon bai nuna kansa ba.

Maganin yana cikin rumbu

Har yau babu allura, babu ƙwaya, babu aikin fiɗa da ke warkar da wannan ciwo. Magani ɗaya ne: barin alkama da sha'ir har ƙarshen rai. In an bari, cikin ƴan makonni zawo yana tsayawa, yaro ya fara neman abinci, ya fara wasa. Tsiron hanji yana sake fitowa, kamar ciyawa bayan ruwan farko. Na yara yana saurin komawa. Na manya yakan ɗauki shekara ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. Amma halin yana nan cikin jini. Ran da aka koma wa alkama, ciwon zai koma.

Ga Bature wannan hukunci ne mai nauyi, don duk abincinsa a kan alkama aka gina shi. Sai ya sayi wani burodi na musamman da aka yi da garin shinkafa ko masara, mai tsada ƙwarai, wanda sau da yawa ba ya da daɗi. Shi ya sa ƙungiyoyinsu suke tara kuɗi, suke bincike, suke matsa wa masu kanti da gidajen abinci.

Mutumin karkarar Nijar kuwa, abin da Baturen nan yake nema da kuɗi da wahala, shi ke cike da rumbunsa. Hatsi ba shi da wannan danƙo. Dawa ba ta da shi. Haka masara, shinkafa, acca, wake, rogo, dankali, gyaɗa da riɗi. Haka nono, cuku, nama, kifi, ƙwai, zogale da kuka da kuɓewa. Wato tuwo, fura, kunu, koko, dambu, ƙosai, beruwa da kopto duk halal ne ga mai ciwon, muddin ba a haɗa su da fulawa ba. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi kowa noman gero a duniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa shekarar 2023 sunan shekarar gero da danginsa, kuma cikin abin da aka yaba masa har da rashin wannan danƙo. Acca ma, tun 2018 aka ba da izinin sayar da ita a kasuwannin Tarayyar Turai. Akwai ƴan birni da ke ganin fura abincin ƙauye ce, burodi kuma wayewa. Da sun ga abin da mai ciwon alkama a London yake biya kafin ya samu garin gero, da sun rage wannan magana.

Sai dai akwai tarko, kuma a cikin gida yake. Kaɗan ɗin alkama ma yana ɓata hanjin mai ciwon. Dokar abinci ta duniya ta ce ba za a kira abinci marar danƙo ba sai danƙon da ke cikinsa bai wuce miligaram 20 a kilo ɗaya ba. A lissafin manomi, giram 20 ke nan cikin buhu 10 masu kilo 100, wato nauyin ƙwayar sukari huɗu cikin tan guda. Don haka ɓarɓashin burodi a kan faranti ba abin rainawa ba ne.

Ina alkama take ɓuya? Ɗanwake, sau da yawa ana haɗa garinsa da fulawa. Wasu masu masa suna zuba ƴar fulawa don ta yi laushi. Mai tuya tana iya soya fanke da ƙosai cikin mai ɗaya. Injin niƙa, in an niƙa alkama aka bi da hatsi, garin farko yana ɗauke da ragowar. Rariya, turmi, muciya da ludayi su ma haka. Gidan da ke da mai wannan ciwo, gara a ware masa rariyarsa da ƙwaryarsa, a wanke tukunya da kyau, a daka hatsinsa a gida ko a roƙi mai inji ya share kafin ya zuba. Kakanni da maƙwabta su ma a gaya musu, don su ne masu miƙa wa yaro biskit saboda tausayi.

Kayan kanti kuwa, a nan karatu ke da rana. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci zai iya juya kwali ko leda ya duba abin da aka haɗa. In kayan da Faransanci aka rubuta, a nemi kalmar blé, ita ce alkama, da orge, shi ne sha'ir. In daga Najeriya ko Gana suka fito, a nemi wheat da barley. Wasu dunƙulen miya da garin kunun yara na kanti suna da alkama a ciki. In an ga an rubuta sans gluten, ko an ga hoton zangarniyar alkama da aka ja wa layi a kai, to babu danƙon a ciki. Wannan hoto alamar ƙungiyoyin masu ciwon ce a Turai.

Ranar 16 ga watan Mayu ita ce ranar da aka keɓe a ƙasashe da yawa don tuna wannan ciwo. Daga lokacin ne kuma, har zuwa watan Satumba, yini yake yin tsawo a Birtaniya, masu keke suke fitowa. A ƙarshen hanya, a John o' Groats, akwai wani farin turke mai alluna da ke nuna nisan garuruwa. Duk wanda ya iso sai ya jingina kekensa a jikinsa a ɗauke shi hoto, ya aika wa waɗanda suka yi alkawari, su kuma su cika.

Uwar da za ta kai ɗanta likita saboda zawon da ya ƙi tsayawa, ta tafi da katin awonsa. Ta tuna watan da aka yaye shi, da watan da ya fara cin burodi ko taliya, da watan da zawon ya fara. Ta faɗi yadda bayan gidan yake, ba tare da jin kunya ba, da magungunan da aka riga aka ba shi. In akwai wani a dangin uwa ko na uba da ya daɗe yana fama da ciki ko ƙarancin jini, shi ma ta faɗa.